Likita Na Amsa Tambayoyinku: Jinkirin Magana, Ƙiriniya da Fitsarin Kwance

Tambaya daga wata uwa a Funtuwa: Likita, ɗana ya cika shekara 3 bai fara magana ba, ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Wuni yake yi yana jera murafun kwalba a tsakar gida, in an taɓa masa su ya yi ta ihu. Surukata ta ce shafar aljanu ce.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abu na farko shi ne a gwada jinsa, domin yaron da ba ya ji ba zai koyi magana ba, kuma sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya, har da shawarar da ke kama jariri a makon haihuwa idan ta yi tsanani, duk suna iya taɓa ji ba tare da iyaye sun ankara ba. A bisa al'ada, ɗan wata 18 yana furta 'yan kalmomi, ɗan shekara 2 kuwa yana haɗa biyu, kamar "Mama ruwa". Idan aka tarar kunnensa lafiya lau, to abubuwan da kika lissafa, musamman in ba ya haɗa ido da mutane kuma ba ya nuna abu da yatsa don ki gani, sun yi kama da larurar otizim. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Ba sakacinki ba ne, ba kuma allurar rigakafi ce ta jawo ba. Babu ƙwayar da ke warkar da ita, amma horon magana da na mu'amala yana taimakawa ƙwarai idan an fara da wuri. Ki kai shi sashen yara na asibitin koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya. Addu'a kam kada a fasa, sai dai na sha ganin yaran da aka yi shekaru ana yi musu hayaƙi kafin a kawo su, alhali shekarun nan ne suka fi amfani.

Tambaya daga wani mahaifi a Gusau: Yarona ɗan shekara 8 ba ya zama wuri ɗaya. A boko da islamiyya kullum sai an zane shi, amma kamar ana zuga shi.

Amsa: Malam, ba kowace ƙiriniya ce larura ba. Muna zargin larurar gazawar mai da hankali da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD, idan halin ya bayyana kafin shekara 12, ya kai wata 6, kuma ana ganinsa a gida da makaranta har yana hana karatu. Bulala ba ta gyara wannan, tsoro da ƙarya kawai take koya masa. Ka roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaba, a riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a yaba masa idan ya kammala. Akwai magani, amma ƙwararre ne kaɗai ke rubuta shi. Idan kuna kusa da inda ake niƙa duwatsun zinare, a auna jininsa, domin gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, tana dagula hankali da ɗabi'a.

Tambaya daga wata kaka a Maraɗi: Jikata 'yar shekara 7 har yanzu tana fitsarin kwance, yara suna yi mata waƙa.

Amsa: Inna, ki fara hana waƙar nan, domin ba da gangan take yi ba, kuma sau da yawa gadon abin ake yi daga iyaye, yawanci yana wucewa da kansa. A rage mata shan ruwa bayan magariba, ta yi fitsari kafin ta kwanta, a kuma lura ko bayan gida yana yi mata tauri. Amma idan da ta daina sannan abin ya dawo, ko tana jin zafin fitsari, ko ƙishirwa ta yi mata yawa tana ramewa, a kai fitsarinta asibiti a auna cikin makon nan.