Kwana biyu a Saint-Cirq-Lapopie: a ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Maraɗi, ina karatu a birnin Tuluz na Faransa. Mahaifiyata za ta zo wurina a watan Yuni, ina so ta ga ƙauyen Faransa, ba birni kaɗai ba. An ba ni shawarar Saint-Cirq-Lapopie. In ɗauki hayar mota mu je mu dawo a yini ɗaya, ko mu bi jirgin ƙasa mu kwana? Kuɗina ba zai iya ɗaukar duka biyun ba.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi albarka, ya kuma kawo Hajiya lafiya. Ku kwana. Kuɗin motar nan ka mayar da shi kuɗin ɗaki.

Ƙauyen yana lardin Lot, a kan wani dutse da ya tashi kusan mita 100 bisa kogin Lot. Mazaunansa na dindindin ɗari biyu ne da 'yan kai, amma tun da masu kallon talabijin suka zaɓe shi a 2012 a matsayin ƙauyen da Faransawa suka fi so, baƙi suka yi masa caa. Wanda ya taso daga Tuluz da safe zai iso ne da hantsi, daidai lokacin da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke juye mutane, kuma lungunan ƙauyen ƙanana ne, kafaɗa na gugar kafaɗa. Da la'asar sakaliya sai jama'a su watse. Ranar da na kwana can, na fito bayan sallar asuba na hau inda kufan ganuwar yake. Hazo ya rufe kogin ruf, rufin gidajen nan masu jan ƙasa da hasumiyar majami'a kawai ake gani, ba ka jin komai sai tsuntsaye da ƙarar wani yana buɗe tagar katako. Wannan safiyar nake so Hajiya ta gani, kuma mai zuwa ya koma a yini ɗaya ba ya samunta.

Hanya ba ta da wuya. Jirgin ƙasa daga Tuluz zuwa garin Cahors bai kai awa biyu ba, daga Cahors kuma saura kamar kilomita 30. Akwai bas da ke tashi daga Cahors ya bi kwarin kogin zuwa garin Figeac, yana tsayawa a Tour-de-Faure, a ƙetaren kogi. Ka duba jadawalinsa kafin ka sayi tikitin jirgi, domin ba ya yawan zirga-zirga, balle ranar Lahadi. Daga tashar bas ɗin zuwa cikin ƙauye hawa ne sosai, kada ka sa uwa ta yi shi da jaka a hannu. Ka tambayi mai masauki ko zai ɗauke ku, ko ka yi wa mai tasi waya tun ana gobe tafiya, don a karkarar Faransa ba a tsayawa bakin titi a tare tasi.

In har ka nace sai mota, ka sani yawancin motocin haya da hannu ake sa musu giya, kamfanin zai riƙe kuɗin ajiya mai kauri a katinka, kuma baƙo ba ya shiga ƙauyen da mota. A waje ake ajiye ta, a biya, a tako.

Tambaya: Ni da maigidana da yara biyu za mu je. Shi yana son kwalekwale, ni kuwa ban iya iyo ba. Wanne za mu biya: kwalekwale, jirgin yawo, ko kogon da ake ta magana?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki shiga kwalekwale don kara. Masu bayar da hayarsa a kogin Lot da na Célé suna gindaya sharaɗin cewa mutum ya iya iyo na mita 25, kuma rigar hana nutsewa ba ta soke wannan sharaɗi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Maigida ya je abinsa in ya iya, ke da yara ku shiga babban jirgin da ke tashi daga ƙauyen Bouziès da ke kusa. Ana kiransa gabarre, sunan jiragen dakon kaya na da. Zama kawai za ku yi, ya bi da ku ƙarƙashin duwatsu, ya ratsa ta ƙofar ruwa inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi. Yara na son wannan wuri ƙwarai.

Amma in abu ɗaya tak za ku biya, to kogon Pech Merle ne, kusa da ƙauyen Cabrerets. Wasu samari 'yan garin ne suka gano zanen cikinsa a 1922. Akwai dawakai biyu masu ɗige-ɗige a jikin bango waɗanda masana ke ba shekara wajen 29,000, da giwayen da can masu gashi, da sawun ƙafar wani yaro da ya daskare a laka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafukan hannu. Mutum ya ɗora hannunsa a dutse ya fesa launi a kewaye, siffar yatsunsa ta zauna. Na ɗaga nawa hannun daga nesa na gwada, kusan girmansu ɗaya, sai na ji tsigar jikina ta tashi. A shahararren kogon Lascaux kwafi ake nuna wa mutane tun da aka rufe na ainihi a 1963. Nan kuwa ainihin zanen ne a gabanki. Shi ya sa ake ƙayyade masu shiga, ba sa wuce 700 a rana, don numfashin jama'a na lalata zanen. Ku kama tikiti ta intanet da makonni kafin tafiya, ku isa kafin lokacin da aka ba ku. Ciki da sanyi ko da waje ana zafi, a sa wa yara rigar sanyi. Ba a ɗaukar hoto, akwai kuma matakala da yawa.

Abu mafi kyau na biyu kyauta ne. Tsakanin Bouziès da Saint-Cirq-Lapopie akwai hanyar ƙafa a gefen kogi, kilomita huɗu zuwa biyar. A wani sashe nata dutsen ya sauko har cikin ruwa, sai mutanen wajajen 1845 suka sassaƙa hanya a cikinsa domin masu jan jiragen kaya su samu wurin takawa. Kina tafiya dutse na saman kanki kamar rumfa, kogi na gefenki, babu shinge. A riƙe hannun yara gam. A bangon akwai sassaƙar da Daniel Monnier ya fara a 1985, siffofin kifi da igiyar ruwa, wani wurin an goge shi har yana sheƙi. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce sai a ƙarshe, inda ake hawa zuwa ƙauye.

Tambaya: Sai na sayi takalmin hawan dutse mai tsada?

Amsa: A'a. Takalmin tafiya mai ƙasan roba da ke kama ƙasa ya wadatar, irin masu araha na shagon kayan wasanni na Decathlon. Ka saya da wuri ka yi sati kana sa shi, sabon takalmi a rana ta farko kanta yake jawowa. Silifa da takalmi mai tsini a bar su a gida, duwatsun da aka shimfiɗa a lungunan suna da santsi, musamman in an yi yayyafi. Ka sa dogon wando in za ka shiga ciyawa saboda kaska, ka duba jikinka da yamma. Lambar neman agaji 112 ce.

Tambaya: Mu Musulmi ne. Me za mu ci a ƙauye irin wannan, kuma wace tsaraba ce ba asarar kuɗi ba?

Amsa: Wannan tambaya ita ce dalilin da ya sa nake fifita gidan haya mai madafa, wanda suke kira gîte, a kan otal. Abincin yankin Quercy, inda ƙauyen yake, agwagwa ce da rago da naman alade, kuma barasa na shiga miya da yawa. Kada ku sa rai da mahauci mai yankan halal a ƙauye. Ku sayi namanku a birni, ku zo da shi a jakar sanyi. In kun bi ta Cahors ranar Laraba ko Asabar da safe, kasuwa na ci a gaban babbar majami'ar garin: tumatir, kankanar Quercy a lokacinta, burodi, zuma, da ƙaramin cukun madarar akuya na Rocamadour, mai faɗin tafin hannun yaro. Da waɗannan kun haɗa abincin rana a bakin kogi. A gidan abinci ku nemi kifi ko wainar ƙwai, ku lura da kalmomi uku a takardar abinci, porc da jambon da lardons, duk alade ne, kuma na ƙarshen yakan ɓuya a cikin salak. Ku tambaya ko an sa vin, wato barasar inabi, a miya. Ba sa jin haushin tambaya.

Ku kula da lokaci. Gidajen abinci na daina karɓar masu cin rana wajen ƙarfe biyu, ƙananan shaguna na rufewa da tsakar rana. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, saboda haka magariba da isha'i suna nisa, asuba kuma da wuri. Ku tafi da darduma, ku saita alƙibla a waya tun kuna da intanet. Bayan isha'i ku fita tsakar gida ku ɗaga kai. Tuddan Quercy na cikin wuraren da sama ta fi duhu a Faransa, taurari kamar na daren ƙauye a gida.

Tsaraba kuwa, a da ƙauyen ya yi suna da masu sassaƙar katako a kan injin juyi, su ne ke yin famfon ganga. Ƙaramin abu na katako da aka yi a wurin ya fi tarkacen da aka buga wa hoton ƙauyen alhali daga wata nahiya aka kawo shi. Ku juya ƙasansa, ku tambayi mai shago wa ya yi. Ana kuma noman za'afaran a yankin, ɗan ƙanƙanin kwalba ba nauyi a jaka. Cukun akuya dai a cinye shi a can, ba ya jure doguwar tafiya.