Wane bitamin zan saya, ina yawan jin gajiya?

'Yar'uwa, kin ce kina yawan gajiya, kuma kina shirin ɗaukar ciki, shi ya sa kike neman bitamin mai kyau. Kafin ki kashe kuɗinki, ki je a gwada miki jini. Gajiyar mata da yawa ƙarancin jini ne, kuma bitamin na gama-gari ba lallai ya ƙunshi sinadarin ƙarfe da zai wadatar ba.

Amma tunda kina neman haihuwa, bitamin ɗin da ake kira folik asid kam ki fara tun yanzu, maikrogiram 400 kullum. Ƙashin bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa suna fara haɗuwa a makonni huɗu na farko, lokacin da mace ba ta ma san ta ɗauka ba. Folik asid na taimaka musu su haɗu daidai, kuma wanda ake samu a abinci kaɗai ba ya cika isarwa.

In kin shiga kemis, ki juya kwalbar ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ki sayi wanda ake tallarsa a baro yana shan rana a kasuwar Terminus ta Jos. Ki kuma guji mai bitamin A da yawa, yana iya cutar da ɗan tayi. Idan an ba ki maganin ƙarin jini, kar ki sha shi da shayi, yana hana jiki tsotse shi. Lemon zaƙi ya fi.

Mu 'yan Jos Allah ya hore mana. Alayyahu, karas da kabeji ga su jibge a kasuwar Farin Gada, ki haɗa da wake da zogale a tukunyarki.