Tambayoyin Masu Karatu: Kwana Huɗu Tsakanin Filin Tseren Monza da Birnin Milan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin, kuma bana Allah ya hore mini halin zuwa Italiya tare da maiɗakina domin in kalli tseren Monza da idona. Kwana huɗu kacal muke da su, daga Alhamis zuwa Lahadi. Ita motoci ba su dame ta ba, burinta ta ga birnin Milan. Shin tikitin ranar Lahadi kaɗai ya kamata in saya, a ina za mu sauka, kuma ta yaya za mu raba kwanakin ba tare da an tauye ɗayanmu ba?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Batun masauki ya fi sauƙi, don haka bari mu fara kawar da shi: ku sauka a Milan. Monza ƙaramin gari ne da ke kimanin kilomita 15 arewa maso gabas da Milan, kuma a makon tsere, wanda yakan faɗo a farkon Satumba, ɗakunan otal ɗinsa kan ƙare da wuri, waɗanda suka rage kuma kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Jirgin ƙasa daga tashar Centrale ko ta Porta Garibaldi yakan kai mutum Monza cikin minti goma zuwa ashirin, saboda haka masaukin da ke kusa da ɗaya daga cikin tashoshin nan biyu ya fi muku komai. Idan tikitin jirgin na takarda ne, a tabbata an buga masa hatimi a na'urar da ke bakin dandamali kafin a hau, domin mai duba tikiti ba ya karɓar uzurin baƙunta.

Game da tikitin Lahadi kaɗai kuwa, ban ba ka wannan shawara ba. Tseren Monza zagaye 53 ne a kan titi mai tsawon kilomita 5.793, wato jimillar kilomita 306 da ɗoriya, kuma saboda nan ne motoci suka fi sheƙa gudu a duk kakar wasa, yakan ƙare cikin awa ɗaya da kwata ko ɗan sama da haka. Wanda ya je ranar Lahadi kaɗai zai shafe safiyarsa cikin turmutsutsu, ya zauna a kujera guda, ya ga motocin suna wucewa kamar walƙiya a kwanar titi guda, sannan ya bi dogon layin komawa tasha. Zai iya cewa ya halarci tsere, amma filin kansa bai gan shi ba. Ranar Juma'a, wadda ake atisaye a cikinta, ita ce ranar da mutum ke samun sararin yawo, domin jama'a ba su cika ba, kuma ana iya tafiya da ƙafa daga wannan kwana zuwa waccan. A ranar ce za ka tsaya kusa da kwanar farko, inda motar da ta taho da gudun da ya haura kilomita 330 a awa take taka birki ta koma ƙasa da 100 cikin daƙiƙu kaɗan, abin da talabijin ba ta taɓa nuna shi yadda yake ba. Daga nan sai ka gangara zuwa kwanonin Lesmo biyu da ke cikin itatuwa, ka wuce ta Ascari, wadda aka sa wa sunan Alberto Ascari da ya rasu a wurin yana gwajin mota a 1955, ka ƙare a doguwar kwanar ƙarshe da kowa ke kira Parabolica, ko da yake tun 2021 sunanta a hukumance Alboreto.

Akwai wani dalilin da ya sa nake fifita Juma'a, kuma shi ne ya shafi maiɗakinka. Filin tseren yana cikin wani katafaren lambun sarauta ne mai katanga, mai faɗin hekta kusan 700, wanda aka kafa a zamanin Napoleon, sarkin Faransa, kuma a gefensa akwai fadar Villa Reale da aka gina wa gidan sarautar Ostiriya tsakanin 1777 da 1780. Mutumin da ƙarar inji ba ta burge shi ba zai iya wuni a inuwar wannan lambu da zauren fadar bai gaji ba. A cikin garin Monza kuma akwai tsohuwar majami'a inda ake ajiye da kambin nan da ake kira Kambin Ƙarfe, wanda aka naɗa sarakuna da dama da shi, har da Napoleon a 1805. Ke nan ranar Juma'a tafiya ɗaya za ku yi, kowa ya samu rabonsa.

Kada ka bar filin ba ka nemi tsohon titin nan mai gangare ba. An buɗe Monza a 1922, shi ne fili na uku a duniya da aka gina musamman domin tseren mota, bayan Brooklands na Ingila da Indianapolis na Amurka, kuma a 1955 aka sake gina masa wasu manyan kwanoni biyu na kankare masu karkata kamar bangon kwarya, domin mota ta zagaya ba tare da rage gudu ba. Formula 1 ta daina amfani da su bayan 1961, shekarar da direban Ferrari Wolfgang von Trips da 'yan kallo 15 suka rasa rayukansu a wani haɗari, ko da yake ba a kan gangaren abin ya faru ba. Har yau kankaren yana nan cikin daji, kuma duk wanda ya gwada hawansa da ƙafa yakan ƙare da rarrafe kafin ya kai sama. A ganina wannan wuri ya fi duk wata rumfar 'yan kallo faɗa wa mutum irin kasadar da direbobin wancan zamani suka yi.

Alhamis da Asabar ku bar wa Milan, kuma a nan kai ne za ka yi haƙuri, domin Asabar ce ranar da ake fafatawar tantance wanda zai tsaya a sahun gaba. Awa ɗaya ce, ka kalle ta a talabijin. Ku fara da babbar majami'ar Duomo, wadda aka aza harsashinta a 1386 aka kuma shafe kusan shekaru ɗari shida kafin a kammala, ku hau rufinta ku yi tafiya a tsakanin hasumiyoyinta na marmara guda 135. Ana buƙatar suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa kafin a shiga. Daga bakinta sai rumfar kasuwar Galleria mai rufin gilashi, wadda ta ɓulle a dandalin gidan wasan La Scala na 1778, sannan tafiyar 'yan mintuna zuwa tsohuwar fadar Sforza mai ganuwa. Abin da ke buƙatar shiri tun daga gida shi ne zanen Jibin Ƙarshe, wato cin abincin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, da Leonardo da Vinci ya yi a bangon ɗakin cin abinci na gidan ibadar Santa Maria delle Grazie a ƙarshen ƙarni na 15: mutane ƙalilan ake shigarwa a lokaci guda, minti 15 kacal ake ba su, kuma guraben kan cika makonni kafin ranar. Da yamma unguwar Navigli mai magudanan ruwa ta isa wurin hutawa. Idan ƙishirwar motoci ta motsa maka a tsakani, gidan tarihin Alfa Romeo yana Arese, a bayan gari kaɗan. Maranello, mahaifar motocin Ferrari, tana can kusa da Modena, ta yi nisa da wannan tafiya, ka cire ta daga lissafi.

Ranar Lahadi kuma taka ce kai kaɗai, in dai ita ba ta canza ra'ayi ba. Ka fita da sassafe, ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi domin tafiya daga ƙofar lambun zuwa wurin zama tana da tsawo, ka riƙe hula da rigar ruwa da abin toshe kunne, ka kuma kula da aljihunka a tasha da cikin jirgi. Tikitin tsayuwa a fili ya fi araha, amma mai shi sai ya yi sammakon kama wuri, alhali kujerar rumfa tana jiran mai ita. Idan aka kaɗa tutar ƙarshe, kada ka yi gaggawar fita. A Monza ana buɗe ƙofofi magoya bayan Ferrari, waɗanda ake kira tifosi, su kwarara kan titin tseren da jajayen tutocinsu har ƙarƙashin dandamalin da ake miƙa kofi, wanda aka gina shi yana leƙo titin daga sama, kamar yadda aka gani lokacin da Charles Leclerc ya ci musu tseren a 2019 da 2024. Ka bi su ka taka titin, ka ɗan jima a wurin har cunkoson tasha ya lafa, sannan ka kama hanyar Milan.