Tambaya da Amsa: Ɗige-ɗigen safiyo na nuna sifiri

Tambaya: Salam injiniya, na shigar da ɗige-ɗigen safiyo cikin Civil 3D, manhajar zanen injiniya, amma tsayinsu duk sifiri yake nunawa, alhali ina da shimfiɗar ƙasar (surface, wato siffar tudu da kwarin filin) a zanen, wallahi kaina ya ɗaure. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, abu ne mai sauƙi ai. Zaɓi ɗigo ɗaya, a saman allo za ka ga Elevations from Surface, wato ɗauko tsayi daga shimfiɗa, danna shi ka nuna shimfiɗar, sai ka zaɓi duka ɗige-ɗigen ko rukuninsu da kake so. Ɗigon da ya faɗa wajen iyakar shimfiɗar fa ba zai samu komai ba, haka wanda aka kulle. Kuma in ka gyara shimfiɗar daga baya tsayin ba ya bin ta da kansa, dole ka maimaita, nan mutane ke shan ƙasa.