Daidaito daban, adalci daban: amsar tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Damagaram ya tambaya: "Malam, a labarai kullum sai mu ji an ce a yi adalci da daidaito, shin ba abu ɗaya ba ne ake maimaitawa?"

A'a ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne, duk da dai sau da yawa tare suke tafiya. Daidaito tamu ce ta gida, daga daidai ta fito, irin su daidaita, raba daidai, daidai wa daida, kuma maganar awo take yi, wato naka kar ya fi nawa. Adalci kuwa aro muka yi daga Larabci, daga adl, kamar yadda muka aro kishiyarsa zalunci da ma shi kansa alƙalin. Shi adalci ba ruwansa da ko kason ya zo ɗaya ko bai zo ba, abin da yake tambaya shi ne kowa ya samu haƙƙinsa?

Duba watanda da ake yi gab da sallah. Mutum goma sun haɗa kuɗi kai ɗaya sun sayi sa, mahauci ya feɗe, aka shimfiɗa buhu aka yi kashi goma, tsoka da ƙashi da hanta da tumbi duk sai an gutsura wa kowane kashi, har ka ga ana ɗauke 'yar tsoka daga nan a mayar can. To nan raba daidai shi ne adalcin, tunda kuɗin ɗaya ne. Amma a ce mutum ɗaya ya zuba kuɗin kashi biyu sannan a miƙa masa kashi ɗaya wai don kowa ya zama daidai, ai an cuce shi, ko yaro ya san an cuce shi.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne gidan mai mata biyu, kuma wallahi nan ne maza da yawa ke faɗawa rami suna ganin sun yi daidai. Rabon kwana dole ya zo ɗaya, in bibbiyu ne bibbiyu, babu zancen wannan ta fi 'ya'ya ko waccan ta fi ƙuruciya. Amma uwargida mai 'ya'ya shida da amarya mai goyo ɗaya, ka kawo sabulun wanki sanda huɗu ka ba kowa biyu, ka shafa gemu ka ce ai ni ba na bambantawa, kafin sati ya zagayo uwargida ta koma wanke yunifom ɗin 'yan makaranta da ruwa zalla ita kuwa amarya nata na nan a kan kwaba ko taɓawa ba ta yi ba. Ka daidaita, amma ba ka yi adalci ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce daidai ruwa daidai tsaki, wato yawan tsakin da ke cikin ƙwarya shi zai gaya maka ruwan da za ka zuba.

Ko a rabon arzikin Najeriya wannan gardamar ce. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa ba jihohin da ake haƙo ma'adinai a ƙasarsu aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin da aka samu daga albarkatun, shi ya sa jihohin Neja Delta ke karɓar fiye da sauran. Ba daidai ba ne da na kowa, amma hujjarsu ita ce gonakinsu da ruwansu ne man fetur ɗin da ake haƙowa ke ɓatawa.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce: "Malam, duk wanda aka danne sai a ce masa yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba, ya yi haƙuri. Haka karin maganar take nufi?"

Hajiya, wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya, domin an ɗauki magana mai kyau an mayar da ita bargon rufe zalunci. Asalinta lallashi ce a kan abin da Allah ya raba, wani mai kuɗi wani talaka, wani dogo wani gajere, kar ka sa hassada a ranka. Ba ta ce mai kuɗi ya tsallake layi a asibiti ba, ba ta ce ɗan wane ya samu aiki da sakamakon da ɗan talaka ya fi shi ba. Wannan Hausawa sun ba shi sunansa tun tuni, kashin dankali, manya a sama ƙanana a ƙasa an danne su, kuma ba da yabo ake faɗinsa ba. A gaban alƙali kam yatsun nan dole su zama ɗaya. Ki tuna matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka tura Usama bin Zaid ya nema mata sassauci, Annabi (SAW) ya nuna ɓacin ransa ya ce ko Faɗimatu 'yarsa ce ta yi sata zai zartar mata da hukunci. Kuma sananniyar magana ce daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Don haka in an kawo miki zancen yatsu, ki fara tambaya, wannan bambancin Allah ne ya yi shi ko mutum ne ya ƙirƙira don ya ci haƙƙina?

Sai wani daga Kumasi da ke son fassarar "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi".

Daga masu wasa da kura ta samo asali. Gardi zai zagaya kasuwa da kura an sa mata takunkumi da sarƙa, a buge ta ta yi wasa, 'yan kallo su yi ta jefa kuɗi, kuɗin kuma aljihun gardi za su. Ana faɗinta duk inda wani ya sha wahala wani ya kwashe ladan, kamar leburan da ya wuni yana ɗaukar bulo a rana ɗan kwangila ya riƙe masa kuɗin aikinsa, ko manomin da ya yi noma dillali ya fi shi cin riba. Lura, ba cewa take a raba kuɗin biyu tsakanin kura da gardi ba, kukanta shi ne wanda ya yi wahalar ya tashi hannu rabbana. Wasu kan ce "gardi da kwasar kuɗi", duk ɗaya ne, kowanne ka faɗa za a gane ka.