Atisaye a kan 'yar tsana: me yake ƙara wa masu ceton ran yaro?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na yara a wani asibiti a nan Zariya, kuma shekarata 11 ina wannan aiki. Kwanan nan aka kawo mana 'yar tsana ta roba, aka ce duk wata za mu riƙa atisayen farfaɗo da yaro a kanta, kuma wai wanda aka naɗa jagora ba zai taɓa yaron ba, sai dai ya tsaya yana ba da umarni. Ni a ganina wasan yara ne, domin mun ga rai da mutuwa da idonmu. Mene ne amfaninsa, kuma don me za a hana wanda ya fi kowa ƙwarewa sa hannu?

Amsa: Malama, ni ma haka na ɗauki abin da farko. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne na lura cewa a mafi yawan lokutan da aikin farfaɗo da yaro ya dagule a gabana, kowa a ɗakin ya san abin da ya kamata a yi, amma babu wanda ya san wa yake yin me.

Ki tuna irin daren da kika sani sarai a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje. Uwa ta shigo a guje da yaro ɗan shekara guda, ya yi jijjiga a hanya, numfashinsa sama-sama. Mutum biyar suka rufu a kan gado, uku daga cikinsu suna laluben jijiya, jakar hura iska kuwa tana rataye babu wanda ya ɗauka. Wani ya ɗaga murya ya ce a kawo adirenalin, wato allurar da ake yi don farfaɗo da bugun zuciya, bai kira sunan kowa ba, kowa ya zaci ɗan'uwansa ya tafi ɗaukowa. A yara wannan jinkiri ya fi muni, domin zuciyar yaro ba kasafai take tsayawa haka kawai kamar ta babba ba. Galibi numfashi ne yake fara gazawa saboda ciwon huhu, ko jini ya kasa zagayawa saboda gudawa ko ƙwayoyin cuta a jini, sannan zuciya ta biyo baya. Saboda haka umarnin farko da jagora zai bayar shi ne ya kira mutum ɗaya da sunansa ya damƙa masa hanyar numfashi da oksijin.

Yanzu ki duba abin da ake so a riƙe a ka a lokaci guda. Ana danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin dannawar ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wato kusan santimita 4 ga jariri da 5 ga yaro. Idan masu aikin biyu ne, dannawa 15 ake yi sannan a hura iska sau 2. Ana sauya mai dannawa duk minti 2 saboda gajiya tana rage ƙarfin hannu tun kafin mai hannun ya ankara, ba a so tsayawa ta wuce daƙiƙa 10, kuma ana maimaita adirenalin duk minti 3 zuwa 5. Ga kuma sukarin jini da ake yawan mantawa da aunawa. Wanda ya sunkuya yana neman jijiya a bayan hannun jaririn da ruwan jikinsa ya ƙare ba ya ganin komai sai wannan hannun. Ba ya kallon agogo, ba ya ganin ko ƙirjin yana ɗagawa in an hura iska. Wannan ne dalilin da ya sa ake tsayar da jagora a wajen ƙafafun gado, hannunsa a sake, idonsa a kan kowa. Ƙwarewar da kike jin an hana ta aiki, a can ne aka fi buƙatarta.

Abu na biyu da atisaye yake koyarwa shi ne maimaita umarni. Jagora ya ce, "Sista wance, ba shi adirenalin mil 1 (wato mililita 1) daga wanda aka sirka." Ita kuma ta amsa da ƙarfi, "Mil 1 daga wanda aka sirka," in ta yi allurar ta ce, "Na ba shi," mai rubutu ya sa lokaci. Da jin wannan sai ki ce ɓata baki ne, amma kwalbar adirenalin da muka saba gani tana da miligiram 1 a cikin mil 1, sai an ƙara mata mil 9 na ruwan gishiri na asibiti kafin a ɗebi mil 0.1 ga kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 10 mil 1 na sirkakken zai samu. Wadda ta ɗebi mil 1 daga kwalbar kai tsaye ta ba shi ninki goma ke nan. Gara a yi wannan kuskure a jikin roba, a yi dariya, a gyara.

Asalin wannan salon horo daga harkar jiragen sama ya fito. A 1977 jirage biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenarif na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka mutu, kuma bincike ya nuna injiniyan ɗaya daga cikin jiragen ya nuna shakku ko hanyar tashi ta buɗe, amma babban matuƙin jirginsu bai kula da maganar ba. Daga nan aka fara horar da matuƙa yadda za su yi aiki tare, kuma a ƙarshen shekarun 1980 Dokta David Gaba na Jami'ar Stanford a Amurka ya kawo tsarin cikin aikin likitanci. Na kawo labarin ne saboda ya yi kama da namu. Mun tashi da kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai ƙaramar nas da ta ga babban likita ya yi kuskuren lissafin magani takan haɗiye maganarta. A atisaye ake saba mata da cewa, "Ranka ya daɗe, nauyinsa kilo 10 ne, a sake duba adadin," ake kuma saba wa babban da amsa mata da godiya. A ganina wannan ya fi komai wuyar koyo a cikin horon baki ɗaya, kuma manya ne suka fi shan wuyarsa.

Ba sai da na'ura mai tsada ba. Shirin taimaka wa jarirai su yi numfashi da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ƙaddamar a 2010 yana amfani ne da 'yar tsana mai sauƙi da ake cikawa da ruwa, kuma binciken da aka buga a 2013 daga asibitocin Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan horon. Wannan ya shafi sababbin haihuwa ne da aikin hannu, amma ya isa ya nuna cewa abin da aka koya a jikin roba yana isa jikin mutum. An kuma tabbatar cewa ƙwarewar farfaɗowa tana dusashewa cikin 'yan watanni, shi ya sa minti 15 duk wata ya fi taron bita na kwana uku sau ɗaya a shekara.

Inda zan goyi bayanki shi ne idan ana yin atisayen a ɗakin taro da rana tsaka da mutum bakwai. Ku nemi a yi shi a cikin sashenku, da kayanku, da adadin mutanen da suke kwana a bakin aiki. A nan ne za ku gano cewa babu marufin fuska daidai da jariri a cikin akwatin gaggawa, ko tukunyar oksijin babu komai a ciki, ko ba a san inda tocila take ba in an ɗauke wuta. Idan ku biyu ne kawai da dare, dole jagora ya sa hannu. To, ya riƙe jakar hura iska a wajen kan yaro, inda zai iya ganin ƙirji da agogo, ya bar neman jijiya ga wanda zai zo daga baya. A kuma ware wanda zai tsaya da uwa ya gaya mata abin da ake yi.

Bayan kowane atisaye ku zauna ku tattauna, domin a nan ne yawancin koyon yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma zaman ba na neman mai laifi ba ne: a tambayi kowa me ya gani, me ya zata, me ya hana shi magana. Shawarata gare ki ita ce a zagaye na gaba ki nemi a ba ki jagoranci, ki sa a riƙe agogo a auna daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin a fara hura iska, sannan ki kwatanta da na watan da zai biyo baya.