Ana Rade-raɗin Annoba, Kuɗi Kuma Kaɗan Ne: Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Tun da hunturu ya kama aka fara jin rahotannin zazzaɓin Lassa a rediyo, ga kuma mura da tari sun shiga kusan kowane gida, saƙonnin da ke zuwa wannan fili suka koma kan abin da ya kamata magidanci ya tanada. Na zaɓi kaɗan daga Katsina da Daura, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su. Kafin a ciro ko kwabo daga aljihu, a fara sanin ta wace hanya cutar da ake tsoro take shiga gida, domin korona da mura ta numfashi suke yaɗuwa, Lassa kuwa ta fitsari da kashin ɓera take fara kama mutum, sannan ta wuce ga mai jinya ta jini da amai da sauran ruwan jikin majinyaci.

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Ƙofar Ƙaura, mu tara ne a gida. Na ɗan tara wasu kuɗi, kuma tun abin da ya faru a 2020 nake fargabar a wayi gari an ce kowa ya zauna a gida. In juye su duka in sayi abincin wata uku, ko in dakata?

Amsa: Alhaji, fargabarka tana da tushe. A watan Afrilun 2020, bayan rasuwar wani likita a Daura sakamakon korona, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe garin, daga bisani kullen ya iso birnin Katsina, azumi kuma ya kama mutane a cikin wannan hali. Sai dai ba a saba rufe gari saboda Lassa ba, kuma ko da kulle ya sake zuwa saboda wata cutar, wanda ya mayar da duk abin hannunsa hatsi zai rasa na mota da na kati ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Shawarata ita ce ka kasa kuɗin nan kashi uku: abincin mako biyu zuwa uku, mazubin da za a adana shi, da tsabar kuɗi da za su zauna a gida ba a taɓa su sai don asibiti.

Abincin ya zama wanda gidanka ya saba ci kuma ba ya buƙatar firji, tunda kowa ya san halin wutarmu: gero, masara, shinkafa, wake, taliya, man gyaɗa, gishiri, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir, sai gawayi ko gas. Ka sayi hatsi tsaba, a riƙa kai 'yan tiyoyi niƙa idan an buƙata, saboda gari ya fi saurin yin ƙwari da canza ɗanɗano.

Kashi na biyu, wato mazubi, shi ne mutane suka fi rainawa, alhali a wannan yanayi ya fi na farko muhimmanci. Buhu uku a jingine a ƙasan sito gayyatar ɓera ce, kuma ɓeran da ke ɗauke da Lassa, wanda ake ganewa da yawan nonuwa a cikinsa, ba ya nuna alamar ciwo. Yana zagaya kwanuka da buhuna da dare, ya bar fitsarin da ba wanda zai gani da safe. Sunan cutar ya samo asali daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano ta a 1969, kuma duk da cewa jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi fama da ita a 'yan shekarun nan, fatake da direbobinmu suna zirga-zirga can kullum, abinci ma yana zuwa daga can. Don haka ka nemi ganga ta roba ko ta ƙarfe mai murfin da ke kamawa sosai. Wake kuwa, jarkar man gyaɗa mai lita 25 da aka wanke ta bushe sarai ta ishe shi: a cika ta har wuya, a ɗaure murfin da leda, rashin iska zai kashe ƙwarin da ke ciki ba tare da an zuba komai ba. Kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, kada kuma a yayyafa wa abinci fiya-fiya, wannan guba ce da za ta koma cikin tukunya. Garin kwaki da duk abin da aka shanya a bakin titi, a dafa shi ko a zuba masa tafasasshen ruwa maimakon a jiƙa shi ɗanye.

Akwai kuma hakkin maƙwabci. Idan masu hali suka afka wa kasuwar 'Yar Kutungu a mako guda kowa yana neman buhu biyar, mai sayen tiya ɗaya kullum shi zai biya farashin tsoronsu.

Tambaya: Wata uwar gida daga Ƙofar Marusa ta ce ɓeraye sun dame ta a madafi, guba za ta saya, tarko, ko ta nemi kyanwa?

Amsa: Hajiya, a gidan da ke da yara masu rarrafe da kaji, guba ce zaɓi na ƙarshe, ga shi kuma ɓeran da ya ci ta yakan je ya mutu a silin ko bayan kaya inda ba a iya kaiwa. Tarko da kyanwa sun fi, amma dukansu ba za su yi aiki ba muddin ana kwana da kwanukan tuwo a buɗe kuma juji yana jikin katanga. A toshe ramuka da siminti, a wanke kwanuka kafin a kwanta. Idan tarko ya kama, kada a aiki yaro ya ɗauko da hannu. Babba ya sa leda biyu a hannunsa, ya juye shi a ciki, ya binne, ya wanke hannu da sabulu.

Tambaya: Malam, daga Daura nake. Mai kemis ɗin unguwarmu ya haɗa mini ƙunshin magunguna na zaman ko-ta-kwana: kafso ja da yalo, kulorakwin, maganin tari iri biyu da bitamin. Kuɗin da yawa. Wanne ne dole?

Amsa: 'Yar'uwa, mafi yawan ƙunshin nan ki mayar masa. Kafso da sauran magungunan antibayotik ƙwayoyin bakteriya suke kashewa, ba su da wani tasiri a kan bairos, ko na mura ne ko na korona ko na Lassa, kuma shan su barkatai shi ke sa su daina aiki ranar da likita ya rubuta su da gaske. Kulorakwin kuwa, a watan Maris na 2020 sai da hukumomin lafiya na Legas suka yi gargaɗi bayan an kwantar da mutane a asibiti saboda sun ɗirka wa kansu shi da sunan kariya daga korona, kuma binciken da ya biyo baya bai nuna yana maganinta ba. Wanda ya isa tunawa ya san daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa buga waya ana tashin 'yan'uwa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Ebola ba ta zo Arewa ba, gishirin ne ya kai mutane asibiti, har aka yi asarar rayuka. Abin da ya kawo ƙarshenta a Najeriya a watan Oktoban wannan shekarar shi ne killace masu ita da bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da su.

Abin da ya cancanci kuɗinki bai da yawa. Farasitamol na manya da na yara, mai lambar NAFDAC, wanda wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana, saboda wuce haka yana lalata hanta. A kuma duba kwalin maganin mura, domin da yawansu da farasitamol a ciki. Asfirin da ibufurofen a nisance su idan ana zargin zazzaɓi mai sa zubar jini, asfirin kuma sam ba na yara ba ne. Sai ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a ruwa a sha, saboda amai da gudawa. Idan babu shi, ledar fiya wata biyu lita ɗaya ce: a zuba cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin shayi na gishiri, a motsa, abin da ya kwana kuma a zubar a haɗa sabo.

Haɗarin tara magani a gida shi ne jinkirin da yake jawowa. Lassa tana farawa kamar maleriya ko taifod, da zazzaɓi da kasala da ciwon kai da na maƙogwaro, tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma maganin da ake ba masu ita a asibiti, ribabirin, ya fi amfani idan an fara shi a kwanakin farko. Duk zazzaɓin da aka yi wa maganin maleriya bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku, a koma asibiti, a kuma gaya wa likita idan an yi tafiya ko an yi jinyar wani. Mai tsohon ciki da jaririn da bai kai wata uku ba, su ba a jira da su ko kwana ɗaya.

Tambaya: Wani mai shagon tireda a Babbar Kasuwa yana tambaya ko ya sayi kwalin takunkumi da galan ɗin sanitaiza saboda yaran shagonsa.

Amsa: Bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar shago ya fi galan ɗin araha da amfani. A cuɗa hannu na daƙiƙa ashirin, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sanitaiza tana aiki ne idan sinadarin alkohol ɗinta ya kai kashi 60 cikin ɗari, ba ta kuma aiki sosai a hannun da ya yi maiƙo ko ƙura, don haka ƙaramar kwalba ta aljihu ta isa, ita ma wadda aka rubuta ƙarfinta a jiki, ban da ta ɗure marar suna. Takunkumi na cutar numfashi ne. Kwali ɗaya ya wadatar, a ba duk yaron da ke tari, ko ma a bar shi ya huta a gida, wanda ya fi.

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta haura saba'in, tana da ciwon sukari da hawan jini, a hannuna take a Ƙofar Sauri. Kuɗina ba za su sayi ma'aunin zafin jiki da na'urar auna iskar jini duka ba. Sannan yayyena sun ce in mayar da ita ƙauye har abin ya lafa.

Amsa: Allah Ya yi maka albarka, Ya ba Inna lafiya. Abin da za ka fara saya ba ɗaya daga cikin biyun ba ne: maganin sukarinta da na hawan jini na wata guda cur, domin yankewarsu ita ce barazanar da ta fi kusa da ita, kuma zai rage mata zaman layi a cikin masu tari. Bayan shi sai ma'aunin zafi na batir da ake sawa a hammata, wanda ya fi mai kama da bindiga araha; digiri 38 zuwa sama zazzaɓi ne, sai dai ka sani tsofaffi kan yi ciwo mai tsanani jiki bai yi zafi ba, rikicewa ko yawan barci ko ƙin abinci ne za su nuna. Na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa tana da amfani a cutar numfashi, kuma idan ta nuna ƙasa da 92 ta tsaya a nan, asibiti za a nufa, amma sanyin hannu da baƙin lalle suna ruɗa ta, a baƙar fata kuma takan nuna adadi sama da na gaskiya. Idan Inna tana haki ko ta kasa ƙarasa magana, kada ka tsaya jiran abin da na'ura za ta ce.

Ragowar kuɗin ka sayi safar hannu ta roba da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik. Idan an rubuta kashi 3.5 a jikin robar, awo ɗaya a cikin awo shida na ruwa shi ne haɗin da ake zuba wa amai ko jini kafin a kwashe; a haɗa na yini ɗaya kawai, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, kada kuma ya taɓa jikin Inna. Ka ware mata kofinta da butarta da ɗaki mai taga, masu zuwa gaisuwa kuma su tsaya daga ƙofa idan suna mura, ko da za a ce ka cika tsanani.

Maganar ƙauye ban goyi bayanta ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta, likitoci ma a kan haka suke, tunda mai tafiya yana iya ɗaukar cutar bai sani ba ya kai wa waɗanda ba su da asibiti kusa. A birni Inna tana da Babban Asibiti da Asibitin Koyarwa na Tarayya a tafiyar mintuna, a ƙauye kuwa rumbu yana tsakar gida, ɓera ya fi yawa, kuma fita da dare a wasu hanyoyinmu sai dole. Ka yi wa yayyenka wannan bayani cikin ladabi. Sannan ka rubuta sunayen magungunanta da yadda take shan su a takarda, tare da lambar wani mai keke Napep na unguwa da zai amsa waya da tsakar dare, da lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232, ka manna a bayan ƙofar ɗakinta, domin matarka ko ƙanenka su san abin yi idan ba ka gida.